Meɗi a Bakin Gwaggo

Ku 'yan matan da aka turo mini daga cibiyar koyon sana'a, jiya ɗaya daga cikinku ta ce gyaran ƙwarya aikin sati ɗaya ne, wai a huda, a zura zare, a ja. Na ji ta, ko da ta rufe baki da mayafi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don ba ni da haƙurin maimaita magana sau shida, ku kuma duka kun iya karatu. Ni ba tsohuwa ba ce. Shekaruna ashirin da bakwai, amma goma daga ciki a kan tabarmar gyartai na yi su, a gindin itacen dogon yaro da ke bayan 'yan ƙwarya a kasuwar Tawa.

Kayan aikin ba su da yawa, kun gan su. Basilla biyu, tsinken ƙarfe da ake sawa a wuta, wuƙa ƙarama, kaskon garwashi, sai meɗi, wato saiwar goriba da ake tonowa a tsaga ta siri-siri kamar zare. Duka za su shiga aljihun jakar lakwal, wato makaranta. Abin da ba ya shiga jaka shi ne nake so ku ji.

Masakin Inna, mahaifiyata, shi ne aikina na farko, kuma ni na fasa shi. Inna hura take sayarwa a tashar motocin Kalfu, a cikin wannan babbar ƙwaryar take damu tun kafin a haife ni. Ta rasu ina ajin ƙarshe na kolej. Ran sadakar bakwai na ɗauko masakin zan wanke, na taka ɓawon kankana na faɗi, masakin ya tsage tun daga baki har gindi. Matan da ke zaune suka yi salati, sannan suka ci gaba da cin shinkafarsu. Na naɗe shi a zane na kai wa Tamo.

Tamo tsohuwa ce baƙa siririya, Buzuwa, daga arewacin Tebaram. Ta shigo Tawa da ƙafa a wata shekarar fari, da basilla ɗaya a ƙullin zanenta, ta baro miji da 'ya'ya uku a ƙasa. Ban da wannan ba ta taɓa faɗin komai a kansu ba, ni ma ban tambaya ba. Ƙawar Inna ce. Kullum in Inna ta tashi daga tasha sai ta biya gindin itacen da sauran hura, su zauna suna sha suna zagin juna har la'asar.

Ta buɗe zanen, ta bi tsagar da babban yatsa.

"Wa yah hwasa shi?"

"Ni ta."

"To wanda yah hwasa shi ka ɗumkewa."

"Tsohuwa, ni ɗiyal lakwal ta hwa."

"Lakwal ɗin ta hana ki hwasawa?"

Na zauna da niyyar in gama kafin azahar in koma gida. Ta ɗauke masakin ta rataye a reshe, ta turo mini tarin sakaina. Shekara ɗaya da rabi yana rataye a saman kaina.

Abu na farko, tsaga tana da kai, kuma kan ba ya nan inda idonki ya ce. Sai kin ɗaga ƙwaryar ta fuskanci rana, ki bi layin har inda ya ɓace, ki ƙara faɗin ƙwayar gero biyu, nan za ki yi hujin farko don ki tare ta. In kin yi kusa, tsagar ta wuce ki, ta bar ki da kunya. Tsinke in ya yi ja da yawa ya ƙone hujin ya yi faɗi, in bai yi zafi ba ki danna ki fasa. Huji kuma ba a miƙe ake yinsa ba, a karkace yake shiga, kowane gyartai da irin karkatarsa. Ku riƙe wannan, zai dawo. Bayan nan a shimfiɗa meɗi uku ko huɗu a kan tsagar, a bi su da ɗinki a ɗaure, a shafe da ƙullun gero.

Sai abin da ba a faɗi a gaban mai kaya. Meɗi busasshe karyewa yake yi. Kafin ya shiga basilla sai ya shiga baki. Ki tauna shi a hankali da haƙoran gefe har ya yi laushi, ki ja shi ta tsakanin leɓɓa, sannan ki ɗinka. Yana da bauri, yana busar da maƙogwaro kamar kin ci ɗanyen goro goma. Ran da na fara ganin Tamo tana yi, na ce mata wannan ƙazanta ce, malaminmu na kimiyya ya ce miyau cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma ruwa ma zai jiƙa shi. Ba ta yi gardama ba. Ta bar ni na jiƙa nawa a gwangwani, na ɗinke ƙwarya guda har na yi mata ado. Da na gama ta cika ta da ruwa ta ɗora mini a ka, ta ce in zauna kar in motsa. Haka ake gwajin ɗinki a wurinta. Ruwan ya bi ta goshina, ya bi hanci, ya gangara cikin riga. 'Yan ƙwarya suka taru.

"Ku zo ku gani," in ji Tamo, "ilimi na ka zuba."

Tun ranar nake tauna. Masakin Inna da na ɗinke a ƙarshe, awa biyu na yi da shi a ka, ko ɗigo. Tamo ta ce, "Bai yi muni ba," ta aike ni sayen garwashi. Sakamakon jarrabawar kolej ya fito na ci, amma ban koma lakwal ba.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Matan Fulani na wajen ƙauyen Bambai su suka fi sanin ƙwarya, su ne kuma suka fi wahalarwa, don mace za ta tsuguna a gabanki tun daga hujin farko har na ƙarshe tana gaya miki sunan saniyar da aka fara tatsa a ciki. Hajiyoyin gari suna aiko 'yar aiki, su ce a yi maza. Akwai kuma wata fara daga arewa, mai lulluɓi baƙi mai sheƙi, da ba ta fitowa daga mota. Ta miƙo ƙwarya ta taga da yatsu biyu, ta kira Tamo da "taklit", wato baiwa a harshensu. Rannan na miƙe zan ba ta amsa, Tamo ta ja mini zane har ya kusa kwancewa. Ta karɓi ƙwaryar, ta gaishe ta da harshensu, motar ta tafi. Ta ɗauko meɗi ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa fiye da kullum.

"Wagga," ta ce, "ina yi mata da kyau."

Gidanmu ma bai fi motar ba. Babana yana Abijan shekara da shekaru, gidan yana hannun yayarsa, Gwaggo Hajo. A zaurenmu akwai ƙusa, a ƙusar akwai ƙoƙo ɗaya, ana ce masa ƙoƙon Buzuwa. In Tamo ta zo, a nan ake ba ta ruwa, a tsaye za a zuba daga sama kar bakin buta ya taɓa, in ta sha ita za ta ɗauraye ta rataye. Gwaggo ta ce 'ya'yan bayi ba a haɗa baki da su, haka ta taras. In don fata ne, Gwaggo ta fi Tamo baƙi nesa ba kusa ba, na kuma gaya mata hakan ina shekara goma sha biyu, na sha muciya. Ƙoƙon ya tsage sau uku, Tamo ta ɗinke shi da kanta, har ya zama ya fi duk ƙoƙunan gidan kyau.

Shekarata ta huɗu a aikin, ruwan Agusta ya rushe ɗakin da Tamo take haya. Ta kwashe kayanta ta koma wata rumfa a kasuwa, buhu a sama, buhu a gefe. A gidanmu kuwa ɗakin Inna yana nan, ba kowa a ciki sai buhunan dussar awaki. Na sami Gwaggo bayan azahar tana shan hura a ƙwaryarta.

Wannan ƙwaryar sai na gaya muku ita. Ta uwarta ce, kakata, da ita aka kai ta ɗakin miji. A cikinta Gwaggo ta dama wa ɗanta Sani hura da safen da ya tafi Libiya, shi kaɗai gare ta, kuma bai dawo ba, ba gawa ba labari. Ba mai taɓa ƙwaryar sai ita.

"Gwaggo, ɗakin Inna nike so a ba Tamo."

"A ba wa?"

"Kin ji ni."

"Zali, taɓuwa kinka yi? Yau ta kwana ɗaki, gobe ta sa hannu randa, jibi mu ci akushi guda. Ki bar ni da zunubin da nike da shi."

"Ta kai shekara saba'in, tana kwana cikin ruwa."

"Ta tahi wajen danginta."

"Sun mutu."

"Allah shi jiƙan su. Ni dai bakina bai haɗuwa da nata, hal in mutu."

Da na yi shiru a nan, da kun sami malama mai hankali. Amma ni ce. Na ce mata ta juya ƙwaryar da ke hannunta ta ƙirga ɗinki. Ta ce ta sani, goma sha ɗaya ne, ita ta aika da ita duka. Na ce to kowane zare da ke jiki sai da ya kwana a bakin Tamo, ta tauna shi, ta tsotse shi, ta ja shi ta leɓe. Na ce shekara talatin kenan kina shan miyan Buzuwa da hura, ga ki nan ƙatuwa, ko ciwon kai ba ki yi.

Gwaggo ta dubi ƙwaryar. Hurar da ke bakinta ta rasa inda za ta, gaba ko baya. A ƙarshe ta fesa wa akuya.

Kafin la'asar ta tara duk ƙwaryar gidan mai ɗinki a tsakar gida, ta zuba kananzir. Masakin Inna na ɗauke na zauna a kansa, na ce sai dai ta haɗa da ni. Ƙoƙon zaure ba ta yarda ta taɓa shi da hannu ba, da sanda ta zaro shi ta yi waje da shi, na tsince shi a kwata. Ƙwaryar uwarta ta ɗora a kan tarin, ta ƙyasta ashana, ta tsaya har ashanar ta ƙone mata yatsa. Ta ɗauke ƙwaryar, ta ƙyasta wata. Sati guda tana wanke ta da toka da lemun tsami, sannan ta ci gaba da sha a ciki, tana juya ɗinkin nesa da bakinta. Ɗinki goma sha ɗaya ba ya barin wuri mai yawa. Kamar mai shan magani take sha.

Wannan ita ce mugunyar shekararmu, kuma ba fari ya kawo ta ba, bakina ne. Gwaggo ta faɗa a wurin suna, daga nan magana ta shiga waya, kafin Lahadi ta zagayo duk matan Tawa sun ji. Hajiyoyi suka daina aiko 'yan aiki. Masu sayar da roba suka yi kasuwar da ba su taɓa yi ba, har ɗaya ya aiko mini da goro. Fulani kaɗai suka ci gaba da zuwa, suna mamakin wai akwai wanda bai sani ba, to da me ake jiƙa shi? Amma Fulani ran Lahadi kawai suke shigowa.

Tamo ta yi kwana tara ba ta yi mini magana ba. In tana son wuƙa sai ta gaya wa itace. Ran na goma ta ce, "Shekara talatin ina ba su abin da ba su so suna biyana, ke kin zo kin kashe mani daɗin. Mi kinka samu?"

"Gaskiya nah hwaɗi."

"To dahwa ta mu ci."

Muka koma liƙin roba. A yanka tsohon bokiti, a sa ƙarfe a wuta, a narka a kan tsagar baho. Aikin da ko makaho zai yi, ga hayaƙi mai wari. Hayaƙin ya kama ƙirjin Tamo, ta fara tari, tana kuma kwana a rumfar nan. Na nemi ɗakin haya wuri uku, duk inda aka ji wa za a sa sai a ce an riga an bayar. Na kira babana, ya ce a bi abin da Yaya ta ce. Rani ya wuce, gajimare ya fara taruwa ta gabas, ni kuma na san in damina ta sake samunta a rumfar ba za ta ga kaka ba.

Ana haka ƙwaryar Gwaggo ta tsage. Tokar da lemun tsamin sun cinye ta, wata safiya ta ɗauka kawai ta ji ƙas. Ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ke za ki yi shi. Bakinki namu na."

Na ɗaga ta a rana. Ta yi siriri kamar ɓawon ƙwai, tsagar kuma ta bi ta kan wani tsohon ɗinki, babu inda za a yi sabon huji. Sai dai a bi tsofaffin, kuma na gaya muku kowane gyartai da karkatarsa. Na gwada ɗaya, gefen ya ɓalle kamar farce. Gwaggo ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba.

Na ce, "Ba ni iyawa. Mai hujin kaɗai ta san hanyassu."

Kwana biyu ba ta sha hura ba. Ran na uku ta sa babban mayafi, ta ɓoye ƙwaryar a ciki kamar mai cikin shege, ta biyo ni kasuwa. Ta tsaya a gaban tabarma ta yi sallama, ba ta ambaci suna ba.

Tamo ta duba aikin ta ce zai yiwu. Ta zaro meɗi ta miƙa wa Gwaggo.

"Mi zan yi da shi?"

"Tamna. Bakina bai dace da ƙwaryakki ba, Hajiya, duk gari ya sani."

"Ga Zali nan."

"Wagga bakinta ya yi aiki bara, ya isa."

Gwaggo ta dube ni. Na dubi itace. Ta cire takalmi ɗaya ta zauna a kansa, don kar ta hau tabarmar, ta sa meɗi a baki. Fuskarta ta tattare kamar tsohuwar jaka. Ta tauna ta miƙa, Tamo ta taɓa ta ce bai yi ba, a ƙara. Ta ƙara. Tamo ta ce yanzu ya yi yawa, ta ba ta wani. Rana ta hau. Ni na san abin da meɗi yake yi wa maƙogwaro, wajen na biyar Gwaggo ta fara haɗiyar iska, ta ce in je in sayo mata ruwan leda. Na ce ƙafata ta yi sanyi, ba ta takuwa. Ƙarya nake, kuma ta sani.

Ruwan da ke wurin ɗaya ne, a ƙoƙon nan na zaure da na tsinto a kwata. Tamo ta ɗauka ta sha, ta ajiye a tsakiya, ta ci gaba da neman hujinta. Gwaggo ta tauna na shida. Ta yi tari, idonta ya kawo ruwa. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta ja mayafi ta rufe kanta da ƙoƙon gaba ɗaya. Muna jin maƙogwaro yana aiki a ciki.

Da ta fito ta ce, "Ruwan ga da ɗumi."

"Na talakawa na," in ji Tamo.

Zuwa azahar ɗinki uku aka yi. Tamo ta ce idonta ya gaji, a dawo gobe. Washegari uku. Rana ta uku Lahadi ce, kasuwa ta cika, labari ya zaga cewa Hajiya Hajo tana tuƙa a gindin itace. Mata suka riƙa wucewa sau biyu sau uku suna gaishe ta, ita kuma ba ta iya amsawa, baki cike. Da muka tashi ta ja ni gefe.

"Ki hidda dussan nan daga ɗakin uwakki. Ta zo ta yi aikin cikin gida, in huta da idon mutane. Amma hal aiki shi ƙare, ko kwana guda ba ta ƙarawa bisa."

Da yamma na ɗauko kayan Tamo a amalanke. Kwana huɗu bayan nan aka yi ruwan farko, ya tafi da rumfar.

Tsagar nan, da na san karkatar hujin, ni da hannuna aikin kwana biyu ce, in na yi lalaci. Tamo ta yi shekara biyu da wata huɗu a kanta. Kowace safiya bayan kari su zauna a inuwar ɗakin Inna, Gwaggo tana tauna, Tamo tana ɗinki ɗaya, wata rana biyu, wata rana ta ce na jiya bai zauna ba ta warware shi. Gwaggo ba ta taɓa ba ta haƙuri ba, ba ta kuma daina ce mata Buzuwa ba. Tamo tana ce mata akuyata. Hura kuwa, tunda ƙwaryar tana hannun gyara, a masakin Inna ake damawa, ludayi biyu a ciki, wani lokaci ɗaya in ɗayan ya ɓace. Hajiyoyi suka dawo da kaɗan-kaɗan, don hura a roba tsami take yi kafin la'asar. Yanzu wasu da nasu meɗin suke zuwa, a taune, a ƙulle a leda. Ina karɓa in yi godiya, in sun tafi in tauna nawa.

Wata rana na gaji da kallonsu, na ce wa Gwaggo ai yanzu na gane karkatar hujin, a ba ni in ƙarasa yau, kuma ko ba ta lura ana warware mata aiki ba?

Ta cire meɗi daga baki. "Wa yas sa ki? Ni makauniya ta? Tahi kasuwa."

Tamo ta rasu a ɗakin Inna a kaka ta uku, da hantsi, tarin ne. Gwaggo ta yi mata wanka da hannunta, ta kori matan da suka zo taya ta. A ƙwaryar saura huji huɗu ba a bi ba, basillar tana soke a na farkonsu, da meɗin a jiki.

Gobe in kun zo gida ɗaukar kayan aiki za ku gan ta a kan kabad, an rufe da faifai. Kada wadda ta taɓa. Watan jiya na sake cewa Gwaggo ta bar ni in rufe huɗun nan, ko ta samu ta sha hura a ƙwaryar uwarta kafin ta mutu. Ta ce mai aikin ba ta ce ta gama ba, kuma ɗakin ma kar in kuskura in mayar da dussa.

Ku zo da ƙarfe bakwai, kowa ta ci abinci, don meɗi ba ya son cikin wofi. Mai maganar sati ɗaya ta zo da rigar canji.